Duro, Tukunya, Mai Kwanon Ruwa, Mai Ɗakin Wuta ko Kamado: Wane Murhun Hayaƙi Ya Dace da Tsakar Gida?

Duk shekara idan Babbar Sallah ta ƙarato, 'yan'uwa da abokan arziki waɗanda suka taɓa cin naman da nake gasawa da hayaƙi a tsakar gida sukan zo mini da tambaya iri ɗaya: shin su sayi murhu ƙirar waje, ko kuwa su nemi duro su kai wa mai walda ya haɗa musu? Na yi shekaru ina aiki da duro da kuma tukunyar gashi mai murfi, sauran nau'o'in kuma na tsaya a kansu a gidajen abokai har na ga halinsu, don haka zan ɗora su duka a kan ma'auni guda.

Da farko wajibi ne a raba abubuwa biyu da ake yawan cakuɗawa. Akwai banda, wadda muka gada kaka da kakanni, irin ta masunta a Baga da Yawuri, inda ake kyafe kifi ko nama har ruwan jikinsa ya tsane domin ya daɗe bai lalace ba. Akwai kuma gashin hayaƙi irin na jihohin kudancin ƙasar Amurka, wanda manufarsa ta saɓa da ta banda. A nan ana ajiye babban yankin nama a zafi mai sauƙi, tsakanin digiri 107 zuwa 121 a ma'aunin Salshiyas, na tsawon awa biyar zuwa goma sha biyu ko fiye, har jijiyoyinsa su narke ya yi laushi da romo, kuma a ranar za a ci shi. Murhunan da zan kwatanta an ƙera su ne domin wannan aiki na biyu. Wanda burinsa shi ne naman layya ya kai shi watan Muharram, zan dawo kansa daga baya.

Abubuwan da za a duba

Ma'auni na farko, wanda ya fi sauran nauyi nesa ba kusa ba, shi ne ikon da mutum yake da shi a kan iska. Gawayi ba ya ci sai da iska, kuma gwargwadon iskar da ta shiga, gwargwadon zafin da zai bayar. Mai tsire yana ƙara wa wutarsa ƙarfi da mafici, mai gashin hayaƙi kuwa aikinsa shi ne ya danne wutar, ya riƙa ba ta iska kaɗan-kaɗan ta ƙofar da shi ya buɗe. Murhun da iska ke kutsawa cikinsa ta gefen murfi da ƙarƙashin ƙofa da ramukan noti, doki ne marar linzami, ko da an rufe dukkan ƙofofinsa zafi zai ci gaba da hawa. Kusan duk gyaran da ake yi wa murhun hayaƙi, idan aka bi diddiginsa, ƙoƙari ne na toshe waɗannan kafofi.

Na biyu shi ne tsawon lokacin da wuta za ta yi tana ci ba a taɓa ta ba, domin kafaɗar rago kan nemi awa shida zuwa takwas, kuma ba kowane magidanci ne zai iya wuni a gaban murhu ba. Na uku shi ne yawan naman da murhu zai ɗauka a zubi ɗaya. Na huɗu shi ne kuɗi, kuma a lissafin kuɗi dole a sa gawayin da murhun zai riƙa ci shekara da shekaru, ba farashin ranar saye kaɗai ba. Na biyar shi ne ƙarko, wato kaurin ƙarfe da yadda yake jure tsatsa. Na shida shi ne sauƙin gyara da kayan da ake samu a kasuwarmu. Na ƙarshe shi ne haɗari, ga mai aiki da kuma ga masu ci.

Akwai kuma yanayi, wanda masu ƙera waɗannan kayayyaki ba namu suka duba ba. Iskar hunturu tana sace zafin siririn ƙarfe cikin ɗan lokaci, rana a watan Afrilu kuma tana ƙara wa baƙin murhu zafi ko ba a ƙara gawayi ba. Haka nan gawayinmu na itace ne, gutsattsarinsa ba girma ɗaya ba, yana kamawa da sauri ya yi zafi sosai, alhali yawancin dabarun Amurkawa an gina su ne a kan curarren gawayi mai girma ɗaya wanda ke ci a hankali.

Tukunyar gashi mai murfi

Wannan ita ce zagayayyiyar tukunya mai ƙafafu uku da George Stephen ya ƙirƙira a 1952, lokacin da yake aiki a masana'antar ƙarfe ta Weber a Shikago, inda ya raba wani tulun ƙarfe na alamar jiragen ruwa gida biyu, rabi ya zama gindi, rabi murfi. Wadda aka fi sani faɗinta santimita 57 ne, kuma a Amurka farashinta yana tsakanin dala 150 zuwa 250. An yi mata rufi irin na langa da samira, saboda haka ba ta saurin tsatsa, tana iya yin shekara goma ko fiye idan ba a bar toka ta jiƙe a cikinta ba.

Asalinta ta gashi ce a kan garwashi, amma tana yin gashin hayaƙi idan aka jera gawayi a gefen bangonta kamar maciji ya lanƙwasa, aka kunna kai ɗaya, wuta ta riƙa bin jerin a hankali. Nama yana zama a ɓangaren da babu wuta, da kwanon ruwa a ƙarƙashinsa, ƙofar iskar murfi kuma a juya ta ta tsaya a kan naman domin hayaƙi ya ratsa shi kafin ya fita. Matsalar ita ce gawayinmu ba ya jeruwa da kyau: inda manyan gutsattsari suka bar giɓi wuta takan mutu, inda ƙanana suka taru kuma takan tashi. Maganinsa shi ne a zauna a tsince masu girman ƙwan kaza, a yi jerin da kauri. Da haka nakan sami awa biyar zuwa shida. Gyaran da take buƙata kaɗan ne: bulo biyu na raba wuta da nama, da ma'aunin zafi a daidai tsayin raga. Rauninta shi ne ƙanƙanta, domin rabin ragar kaɗai ake amfani da shi, kaji biyu ko cinya ɗaya sun cika ta.

Mai kwanon ruwa

Wannan murhu a tsaye yake, hawa uku: gawayi a ƙasa, kwanon ruwa a tsakiya, raga biyu a sama. Wanda ya fi suna shi ne Smokey Mountain na kamfanin Weber, wanda ya fito a 1981, kuma an yi shi da faɗin santimita 37 da 47 da 57. Manyan biyun sun haura dala 400 a Amurka, kafin a ɗora kuɗin dako da na kwastan. Hikimarsa tana cikin kwanon. Ruwa ba ya wuce digiri 100 komai wutar da ke ƙarƙashinsa, don haka yana shanye zafin da ya yi yawa, yana kare nama daga harshen wuta, yana kuma tare kitsen da ke ɗiga. Ƙofofin iska uku ne a ƙasa, ɗaya a murfi, kuma suna jin magana. A kan wannan murhu ne dabarar wani Ba'amurke mai suna Jim Minion ta shahara, wato a cika mazubin da gawayin da ba a kunna ba, a zuba ɗan garwashi a samansa, wuta ta riƙa cin hanya zuwa ƙasa. Da wannan dabara yana kwana yana ci.

Ga sabon shiga, babu murhun da ya kai shi sauƙin sarrafawa. Gyaransa ma bai taka kara ya karya ba: ƙofar gefe takan yi yoyon hayaƙi, sai a lanƙwasa ta ta zauna daidai ko a manna mata igiyar da ba ta ƙonewa, irin ta ƙofar tanda. Wasu kan maye gurbin ruwan da yashi mai tsabta a rufe shi da takardar alminiyam, abin da ke rage cin gawayi ya kuma sa fatar kaza ta yi ƙaras, sai dai yashi ba ya tsayawa a digiri 100, idan ya ɗauki zafi saukar da shi aiki ne.

A yi hattara da kwaikwayonsa masu araha. Kamanninsu ɗaya, amma da yawansu ba su da ƙofar iska da ake iya rufewa a ƙasa, kuma kwanon gawayinsu ba shi da huda, sai toka ta shaƙe wutar bayan awa biyu. Ana iya huda kwanon, a ɗora ƙaramar raga a cikinsa domin toka ta zube, a toshe gindin a yi masa ƙofa. Idan aka haɗa kuɗin saye da na wannan aiki, sau da yawa duro ya fi.

Duro

A nan zan daɗe, domin shi ne wanda yawancin masu tambayata za su iya mallaka a wannan makon, kuma shi ne wanda kuskure a cikinsa ya fi cutarwa.

Duron da ake nufi shi ne na ƙarfe mai cin lita 208, wanda tsayinsa ya kusa santimita 88, faɗinsa kuma kusan 57. Tsarinsa mai sauƙi ne. Ana huda ramuka uku masu faɗin kusan santimita 2 a kewayen gindinsa, kamar yatsu uku daga ƙasa, a sa wa kowanne guntun bututun ƙarfe. Biyu a yi musu marufi, na ukun a ɗaura masa kan famfo mai hannu irin na masu aikin ruwa, wanda da shi za a riƙa daidaita iska. Mai walda ya haɗa kwandon gawayi da ragar ƙarfe mai kauri, faɗinsa kamar santimita 35, tsayinsa 20 zuwa 25, da ƙafafu na santimita 8 domin toka ta sami wurin zuba. Ragar nama tana zama a kan noti uku ko huɗu, aƙalla santimita 60 sama da gindin kwandon. A murfi a bar ramin duron na asali mai faɗin santimita 5 ya zama mafitar hayaƙi. Kada a yarda a yanka ƙofa a jikinsa. Masu walda suna son yin hakan domin a ganinsu sauƙi ne ga mai zuba gawayi, amma kowace ƙofa sabuwar hanyar iska ce, kuma ƙarfin duro gaba ɗaya yana cikin kasancewarsa a toshe.

Idan aka yi shi daidai, aikinsa yana ba da mamaki. Nakan zuba kilo huɗu na gawayi bayan sallar Asuba, in binne guntayen itacen mangwaro uku a ciki, in zuba garwashi cikin ludayi biyu a sama, in rufe. Da farko hayaƙin fari ne mai kauri, mai yaji a ido, kuma duk naman da ya shiga a wannan lokaci ɗaci zai yi. Bayan kamar rabin awa sai ya sirance ya koma shuɗi-shuɗi, har sai an dubi bango mai duhu kafin a gan shi. A lokacin allurar ma'auni ta kusa 110, sai in rufe bututu biyu, in bar kan famfon rabi a buɗe, in ɗora nama. Daga nan har La'asar abin da nake yi bai wuce taɓa hannun famfon sau uku ko huɗu ba. Da gawayinmu nakan sami awa takwas zuwa goma. Abu ɗaya da za a kiyaye shi ne buɗe murfi, domin da zarar an ɗaga shi iska takan faɗa wa gawayin gaba ɗaya, zafi ya yi tsalle. A rufe famfon minti biyu kafin a buɗe, a yi abin da za a yi da hanzari.

Haɗarinsa uku ne, kuma ina roƙon mai karatu ya ɗauke su da gaske. Na farko shi ne abin da duron ya taɓa ɗauka. Duron maganin ƙwari ko na wani sinadarin da ba a san shi ba, ba a yin abinci a cikinsa ko an ƙone shi sau nawa. Wanda ya ɗauki fetur ko makamancinsa kuma yana iya fashewa a hannun mai yanka, saboda tururin da ya maƙale a ciki. A nemi wanda ya ɗauko man girki ko wani kayan abinci, mai murfin da ake cirewa gaba ɗaya. Na biyu shi ne rufin ciki. Durona na farko yana da wani jan shafe a cikinsa, na cinna masa wuta sau ɗaya na ɗauka ya isa. Kafaɗar ragon da na fara gasawa ta fito da warin fenti har cikin tsoka, dole aka zubar da ita. Sai da na sake cika shi da itace ya ci wuta har shafen ya ɓare, aka goge shi da burushin ƙarfe har farin ƙarfe ya bayyana, na shafe shi da man gyaɗa na kunna shi babu nama na awa uku, sannan ya zama abin amfani. Na uku shi ne ƙarfe mai rufin zinki, irin na kwanon rufi da ragar kaji da wasu notuna masu sheƙi. Idan ya sha wuta yana fitar da hayaƙi mai sa zazzaɓi da ciwon ƙirji, don haka kada ya kusanci kwandon gawayi.

Akwai kuma batun kitse. A duro babu abin da ya raba nama da wuta, kitse yana ɗiga a kan garwashi ya tashi da ƙamshin da mutane da yawa ke so, mai kama da na balangu. Amma wannan hayaƙin kitse shi ne ke ɗauke da sinadarai irin su benzopirin, wanda aka tabbatar yana jawo ciwon daji, har Tarayyar Turai ta ƙayyade tun Satumban 2014 cewa kada ya wuce mikrogiram 2 a kowane kilo na kyafaffen kifi ko nama. Gyaran da nake ba kowa shawara shi ne a ƙara noti uku a tsakiyar duron, a ɗora faranti na ƙarfe ko kaskon yumɓu da zai tare kitsen, a bar tazarar yatsu biyu a kewaye domin hayaƙi ya wuce. Ta fuskar ƙarko, duro ƙarfe ne siriri, gindinsa ne ke fara ruɓewa, musamman idan ruwan damina ya haɗu da toka. A kwashe toka bayan kowane aiki, a ɗora shi a kan bulo, a rufe shi, zai yi shekaru. Ko ya mutu ma, kwando da raga da famfo suna komawa sabon duro.

Mai ɗakin wuta a gefe

Wannan shi ne murhun da ake gani a hotunan jihar Teksas ta Amurka: doguwar ganga a kwance, ƙaramin ɗakin wuta a gefe ɗaya, bututun hayaƙi a ɗaya gefen. Na ƙwarai ana yin su da ƙarfe mai kaurin milimita 6, irin bututun rijiyoyin mai, kuma farashinsu ya haura dala 1,000. Sunan da wannan ƙira ta yi, waɗannan ne suka jawo mata shi. Masu arahar da ake sayarwa dala 150 zuwa 300 siffar kawai suka ɗauko, kuma a kansu ne na fi ganin mutane sun yi da-na-sani, domin araha ba ta ado. Ƙarfensu bai fi langa-langa kauri ba sosai, murfinsu ba ya zama, kuma ɓangaren da ke kusa da wuta yakan fi ɗaya ƙarshen zafi da digiri 30 ko fiye, sai nama ya ƙone a dama alhali na hagu bai nuna ba.

Ana gyara su, kuma gyaran sananne ne. A sa farantin ƙarfe a bakin ɗakin wuta ya karkatar da zafi ƙasa, a jera wasu farantan a ƙarƙashin raga da tazara mai ƙaruwa yayin da ake nisa da wuta, a sauko da bakin bututun hayaƙi daga ciki zuwa daidai tsayin raga domin zafi ya daina gudu ta sama, a manna igiyar tanda a bakin murfi, a shimfiɗa bulo a ciki ya riƙe zafi, a kuma yi wa gawayi kwando. Bayan duk wannan murhun zai gyaru, amma cin gawayinsa ba zai ragu sosai ba, kuma zai ci gaba da neman a duba shi duk bayan minti 30 zuwa 45. A fahimtata wannan ƙira ta itace ce tun asali, gawayi shimfiɗa ce kawai a cikinta.

Inda ya yi fice shi ne girma da tsabtar hayaƙi, tunda kitse ba ya taɓa wuta, kuma ana ƙara itace ba tare da an buɗe wa nama murfi ba. Wanda ya sami ƙwararren maƙeri da ƙarfe mai kauri zai iya ƙera na gida da ya fi na kanti. Sai dai idan tsohuwar tukunyar gas za a yanka, aikin na wanda ya san yadda ake fitar da gas a cika ta da ruwa ne, ba na kowane mai walda ba.

Kamado

Kalmar ta Japan ce, ma'anarta murhu. Tulu ne na tangaran mai kauri da murfi, wanda duk wanda ya san tanderun gurasa a Kano zai gane danginsa. Ed Fisher ne ya fara sayar da irinsa a birnin Atlanta na Amurka a 1974, kasuwancin da ya zama kamfanin Big Green Egg. Samfurin kamfanin da aka fi sani yana da raga mai faɗin santimita 46, nauyinsa ya haura kilo 70, farashinsa kuma ya wuce dala 1,000. Ta fuskar aiki babu abin kushewa: gawayin itace irin namu shi ne abincinsa, ɗan kaɗan yake ci, iskar hunturu ba ta dame shi ba, ba ya tsatsa, kuma ban da gashin hayaƙi yana gasa burodi. Amma idan ya faɗi ya fashe, babu mai walda da zai ɗinke shi, kuma idan zafinsa ya zarce abin da ake so yakan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ya sauko. Haɗarinsa na musamman shi ne wutar da ke tasowa fuskar mutum idan aka buɗe shi farat ɗaya yana da zafi sosai, shi ya sa ake ɗaga murfin kaɗan sau biyu ko uku kafin a buɗe gaba ɗaya.

| Murhu | Kuɗi | Riƙe zafi | Wuta ba a taɓa ba | Yawan nama | Ƙarko | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Tukunya | Matsakaici | Da dama | Awa 5 zuwa 6 | Kaɗan | Mai kyau | Mutuwar wuta a tsakiyar aiki |
| Mai kwanon ruwa | Mai tsada | Mai kyau ƙwarai | Awa 8 zuwa 12 | Da yawa | Mai kyau | Tafasasshen ruwa da kitse |
| Duro | Mafi araha | Mai kyau ƙwarai | Awa 8 zuwa 10 | Matsakaici zuwa da yawa | Matsakaici | Gubar duro, zinki, hayaƙin kitse |
| Mai ɗakin wuta, siriri | Matsakaici | Mai rauni | Ƙasa da awa 1 | Da yawa | Mai rauni | Ƙonewar nama, tsatsa |
| Mai ɗakin wuta, mai kauri | Mai tsada sosai | Mai kyau | Kusan awa 1 | Mafi yawa | Na shekaru masu yawa | Nauyi da zafin ƙarfe |
| Kamado | Mai tsada sosai | Mafi kyau | Awa 12 ko fiye | Matsakaici | Sai in ya fashe | Tasowar wuta, fashewa |

Abin da ya shafe su duka

Ko wanne aka zaɓa, ma'aunin zafi biyu sun fi kowane gyara amfani: ɗaya a daidai raga, tunda wanda ke maƙale a murfi zafin sama yake nunawa, ɗaya kuma na sokawa cikin nama. Kaza ba ta nuna ba sai cikinta ya kai digiri 74, kifi 63, nama mai jijiya kuwa ba ya sakin jiki sai ya kai 90 zuwa 95. A wajajen digiri 65 zuwa 75 zafin naman yakan tsaya cak na awanni saboda ruwan da ke fita daga jikinsa yana sanyaya shi. Ba wuta ce ta gaza ba. A naɗe shi da takardar alminiyam ko takarda mai tsabta, ban da takardar siminti da jarida, a mayar. Wannan naɗi ya fi zama dole a gare mu, domin shanunmu na kiwo ne masu tafiya, ba su da kitsen shanun Amurka. Tozo da haƙarƙari da wuya da kafaɗar rago sun fi ƙirjin sa dacewa.

Gawayin ƙirya, wanda maƙera suka daɗe da sanin ƙarfinsa, shi ne na fi so saboda yana daɗewa. Don ƙamshi, busasshen mangwaro ko gwaba ko tsamiya sun wadatar, guda uku ko huɗu kamar dunƙulen hannu. A guji katakon da aka yi wa fenti ko magani, da itace mai madara irin tumfafiya. Kada a kunna da kananzir ko leda, warinsu yana zama a murhu. Babban gwangwani da aka huda gindinsa, gawayi a sama, takarda a ƙasa, yana ba da garwashi cikin minti 15. Kuma ko ruwa ake kamar da bakin ƙwarya, kada a shigar da murhu ɗaki ko zaure ko gareji, domin gawayi yana fitar da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, irin wadda ke kashe masu kwana da janareta a rufe.

Wanne ga wa

Magidancin da iyalinsa ba su da yawa, wanda yake son abu ɗaya da zai yi masa tsire yau, gashin hayaƙi gobe, tukunya mai murfi ta ishe shi. Wanda yake da hali, ba ya son hulɗa da mai walda, yana kuma son ya kwanta barci nama yana kan wuta, ya sayi mai kwanon ruwa na asali, mai faɗin 47 idan gidan matsakaici ne, 57 idan babban gida ne. Mai sana'ar abinci ko mai yi wa taron biki da suna aiki, wanda dama yana da yaron da zai tsaya a kan wuta, shi ne mai ɗakin wuta ya dace da shi, da sharaɗin ƙarfen ya yi kauri. Siririn kuwa ba na ba kowa shawarar ya saya, sai dai wanda ya riga ya mallaka ya yi masa gyaran da na ambata. Kamado na wanda kuɗi ba su dame shi ba ne, yake zaune a gidan kansa, da daɓen da ba za a riƙa jan murhun a kai ba.

Ga mafi yawan masu tambayata, duro nake zaɓa musu, idan har za su iya samun mai tsabta wanda suka san abin da ya ɗauka. Idan ba a sami irin wannan ba, gara a haƙura a sayi tukunya.

Saura mai son ajiya. Duro yana kyafe tarwaɗa da kyau idan aka ƙara raga ta biyu, aka buɗe mafitar hayaƙi sosai domin danshi ya fita, aka fara da zafin da zai dafa kifin sannan aka sassauta wuta na tsawon awanni har ya bushe. Amma wanda zai riƙa kyafe kwanduna, murhun masu sana'ar ya kamata ya duba. Akwai Chorkor, wanda aka ɓullo da shi a Gana a 1969 da haɗin gwiwar cibiyar binciken abinci ta ƙasar da hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, wato FAO, da matan unguwar Chorkor a Akra: ginin laka ne ko bulo, ana jera masa faifan raga masu katako hawa-hawa, sai dai da itace yake aiki. Akwai kuma FTT-Thiaroye, wanda FAO ta fara a Senegal daga 2008, mai aiki da garwashin gawayi, da farantin tare kitse, da wurin haɗa hayaƙi dabam, domin kifin ya cika ƙa'idar kasuwannin waje. Mai kiwon tarwaɗa da ke tunanin sayarwa a manyan kantuna ko fitarwa ƙetare, wannan na biyun ne ya dace ya nemi a gina masa.